K-1 ko CR-1: wacce ce za ta ba ka damar aiki da wuri a Amurka?

Tun da ƙanwata ta auri wani ɗan Unguwar Rimi mai takardar zama ɗan ƙasar Amurka, duk bikin da na je a Kaduna sai an ja ni gefe an tambaye ni: bizar baiko ko ta aure?

K-1 ta masu baiko ce. Da isarka kana da kwana 90 a ɗaura aure, sannan ka cika fom I-485 na neman zaman dindindin, wanda tun Afrilun 2024 kuɗinsa dala 1,440 ne, ka haɗa da I-765 na izinin aiki. Kafin katin izinin aikin ya fito, wata da watanni kana zaune a gida kana kallon bango, haya kuwa ba ta jira. Nan ne mutanenmu suka fi shan wuya, musamman maza da suka saba fita nema.

CR-1 kuwa sai an ɗaura aure tukuna, ko a masallacin unguwa ne, muddin akwai takardar shaida. Wanda ke da takardar zama ɗan ƙasar Amurka, mijin ne ko matar, shi zai tura fom I-130 na neman a kawo abokin aurensa, a yi ganawa a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas. Ranar da ka sauka, hatimin da aka buga a fasfo ya zama shaidar zama ta shekara guda, kana iya neman aiki nan take. Illarta jiran da za ku yi a rabe. In auren bai kai shekara biyu ba, katin zaman da za a ba ka na sharaɗi ne, sai an nemi a cire sharaɗin kafin ya ƙare.

Wanda abokin zamansa zai iya ɗaukar nauyinsa, kuma rabuwa ta fi damunsa, K-1 ta dace da shi. Mai son fara samun albashi da isa, ya bi CR-1.