Wata uku da ƙamus ɗin Merriam-Webster a wayata

Kalma ɗaya tak ce ta sa na sauke manhajar Merriam-Webster. Ina rubuta muƙala da Turanci a kan yadda ƙagaggun labaran Hausa suka kunno kai bayan gasar rubutun da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Balewa. Da Hausa bakina cike yake: bunƙasa, haɓaka, farfaɗowa, tashe. Da Turanci kuwa "renaissance" kaɗai na riƙe, ina ta cusa ta a kowane shafi.

Manhajar ba ta da wuyar sha'ani. Ka rubuta kalma, ta ba ka ma'anoninta, da asalinta, da yadda ake furta ta, sannan ga sashen kalmomi masu makusanciyar ma'ana. Sashen asalin kalma ne ya fi burge ni, don shi ya tsayar da ni cak. Ashe "renaissance" daga Faransanci take, ma'anarta sake haihuwa. Idan an rubuta ta da babban baƙi, ana nufin zamanin da ya faro a Italiya a ƙarni na 14, lokacin da masana suka koma wa rubuce-rubucen Girkawa da Rumawa, attajiran Florence irin gidan Medici kuma suna ɗaukar nauyin masu zane da sassaƙa. Wato sai abu ya taɓa rayuwa, ya dusashe, sannan a ce an sake haihuwarsa. To, a 1933 me aka sake haifa? Waƙoƙin ajami suna nan da ransu, tatsuniya ba ta bar bakin kakanni ba. Dogon ƙagaggen labari da boko kuwa haihuwar fari ce. Nan na gane kalmar ba ta dace da abin da nake nufi ba.

Sai na bi 'yan uwanta ɗaya bayan ɗaya. "Golden age" ta mai waiwaye ce, wanda ke hango kololuwar da ta wuce cike da kewa, kamar yadda ake kiran zamanin Abbasiyawa a Bagadaza, da Baitul Hikma, kafin Mongol su rusa birnin a 1258. "Heyday" ita ce tashe ɗinmu sak, irin na mawaƙi ko ɗan dambe. "Revival" tana ɗauke da hannun mutane da niyyarsu, kuma ana yawan amfani da ita a sha'anin addini. Ita na ga ta fi kusa da tajdidi, na ajiye ta don ranar da zan yi rubutu a kan Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u. Akwai kuma "efflorescence" mai tushe daga fure, wadda na kusa ɗauka saboda kwarjininta, sai na ga tana nufin har da farin garin nan da ke fitowa a jikin bangon da ya sha danshi. Da jerin kalmomin kawai na duba, ban buɗe kowace ba, da ban san wannan ba.

Abu guda ga mai shirin saukewa: ƙamus ne na Turancin Amurka. Mu da muka taso da na Ingila a makaranta za mu ji furucin "renaissance" ya bambanta da wanda malamanmu suka koya mana, haka ma rubutun wasu kalmomi. Mai shirin jarrabawa ya kula da wannan.

A muƙalar dai "flowering" na sa. Kalma ce mai sauƙi, ba ta da'awar an ta da matacce, tana cewa ne kawai shuka ta samu ruwa ta yi fure. Malamin da ya duba mini aikin ya ja layi a ƙarƙashinta, ya rubuta a gefe cewa a bar ta yadda take.