Masu zuwa Alƙahira, ku yi hattara da 'yan jagorar bakin hanya

Jama'a, duk mai shirin zuwa Masar, ko neman magani, ko kai yaro karatu Azhar, ko saro kaya, ko yada zango a hanyar Umara, ya karanta wannan kafin ya ware ranar zaga gari. Akwai wasu mutane da ba su da sana'a sai tare baƙo kafin ya kai ƙofar wurin da ya nufa, kuma mutanenmu na faɗawa hannunsu sosai, saboda muna jin kunyar mu ce wa mai fara'a a'a.

Abin ya fi muni a hanyar dalar Giza. Kana cikin tasi, tun kafin ku iso, wani zai tsayar da motar, wani lokaci har da kati rataye a wuya kamar ma'aikaci. Zai ce an rufe babbar ƙofa yau, ko ya ce ba a shiga da ƙafa, sai da doki ko raƙumi. Ƙarya ce. So yake ya karkatar da kai unguwar Nazlatus Samman, inda bargar dawakansu take, a ɗora maka kuɗin da ya ninka na tikiti sau da yawa. Sau tari direban tasin ma da shi aka haɗa baki, yana da kasonsa. Tikiti a tagar hukuma ake sayensa, farashi a rubuce, kuma a manyan wuraren tarihi yanzu da katin banki ake biya. Wanda ya ce ka ba shi tsabar kuɗi ya sayo maka, ka san inda ya dosa.

Sai mai raƙumi. Zai faɗi kuɗi kaɗan, ya ce hoto kawai. Da ka hau, raƙumi ya miƙe, sai ya ja ka nesa da jama'a, can cikin rairayi, ya ce kuɗin hawa ka biya, na sauka daban. Ka yi tunanin dattijuwar da aka kawo asibiti, aka ce bari a fito da ita ta sha iska, tana saman raƙumi tana salati, ɗanta a ƙasa yana ciniki da wanda ya riƙe akala. Nawa ne za a faɗa masa ya ƙi biya? Wannan shi ya fi ƙona mini rai, domin da tsoron tsohuwa ake karɓe kuɗin maganinta. Wani kuma ku shirya a kan ɗari biyu, in an gama ya ce ai dalar Amurka yake nufi, ko fam ɗin Ingila, alhali kai fam ɗin Masar ka ji. Kafin ƙafarka ta bar ƙasa, a faɗi adadi, a faɗi irin kuɗin, a faɗi cewa har da dawowa da sauka, kuma kada ka biya sai ka sauka.

A tsohon gari salon ya bambanta, domin a nan da addini ake shigo maka. Tsakanin masallacin Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka aza harsashinsa a shekarar 970 Miladiyya, da masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili, wani zai gan ka da babbar riga da hula ya yi maka sallama cikakkiya, ya tambaye ka Najeriya ko Nijar, ya ce yana da abokai a Kano. Zai ce don Allah zai raka ka, ba ya son ko sisi. Zai bi da kai titin Mu'izz, ya nuna maka gini ɗaya ko biyu, tafiyar kuma ta ƙare a shagon turare ko na takardar bardi mai zanen Fir'auna. A kawo shayi, a zaunar da kai, nauyi ya kama ka. La'adarsa tana cikin farashin da aka faɗa maka. Turaren da aka rantse tsantsa ne ka iske an sirka shi da mai, takardar kuma wata da ganyen ayaba aka yi ta, tana karyewa in an lanƙwasa.

Ku sani, ba a sayen tikitin shiga Azhar ko masallacin Husaini ko na Amru ɗan Asi da ke Fusɗaɗ. Masallatai ne da ake salla a ciki. Mai ajiye takalma ka ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa, ko ka sa naka a leda ka shiga da shi. Inda ake biya, kamar ganuwar Salahuddini da masallacin Sultan Hasan, akwai taga da takarda bugaggiya.

Wajen canji ma a lura. Akwai tsohuwar takardar kirshi 50, wato rabin fam. Ka miƙa fam 50, a juya hannu a nuna maka waccan a ce ita ka bayar. Ka riƙa faɗin adadin a fili lokacin miƙawa. Don zirga-zirga kuwa, Uber na aiki a Alƙahira, kuɗin yana fitowa a waya tun kafin ka shiga, jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari ma yana da arha.

Yawancin mutanen garin masu karamci ne, kuma akwai 'yan jagora na gaskiya masu lasisin hukuma. Irin waɗannan ta masauki ake samun su, ko ta ɗalibanmu da suka daɗe a can, a yi yarjejeniya tun daga gida. Wanda ya tare ka a hanya, ka ce masa “la, shukran”, wato a'a, na gode, ka wuce, kada ka karɓi hula ko tsarabar da ya cusa maka a hannu da sunan kyauta. In ya matsa, 'yan sandan kula da baƙi suna nan a duk manyan wuraren, lambar wayarsu 126.