Shekara 2 ina aiki da Celery: yadda yake sha'ani da rumbun bayanai

Maɓalli guda ne ya kai ni ga Celery. Ina kula da wani shafi da aka gina da Django, manhajar gina shafukan intanet ta Python, inda ɗalibai ke rajistar kwas ta intanet. Mutum zai cike fom ya danna maɓallin rajista, sai shafin ya tsaya yana ta juyi, domin a wannan dannawa ɗaya ake shigar da sunansa rumbun bayanai, a haɗa masa takardar shaida ta PDF, a kuma tura masa ita ta imel. Duk ranar da sabar imel ta yi nauyi, ɗalibi ya gaji da jira ya sake dannawa, sai mu wayi gari da sunansa sau biyu. Babu makawa, aikin takarda da na imel sai sun koma bayan fage.

Celery manhaja ce ta Python da Ask Solem ya faro a 2009, kuma kod ɗinta a buɗe yake ga kowa. Aikinta ɓangare uku ne. Shafinka ya rubuta ɗan saƙo cewa a yi kaza. Saƙon ya je hannun dillali, wanda galibi Redis ne ko RabbitMQ. Can gefe kuma ga ma'aikaci yana jira, da saƙo ya iso ya ɗauka ya aiwatar. Ni Redis na zaɓa, rumbuna kuma PostgreSQL ne.

Wajen haɗa shi da Django ban sha wahala ba ko kaɗan, kuma a nan ya cancanci yabo. Tun siga ta 3.1 ta Celery ba a buƙatar wata manhaja ta tsakiya. Ɗan fayil guda za ka rubuta, ka nuna masa inda saitin Django yake, ka kira autodiscover_tasks, shi ke nan. Daga nan duk aikin da ka ɗora wa shared_task a kai, wato alamar da ke nuna na Celery ne, za ka iya kiran samfurin bayananka a cikinsa kamar yadda ka saba a sauran shafin. Yammaci ɗaya na yi, maɓallin rajista ya koma amsawa nan take. Na ɗauka an gama.

Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Ma'aikacin nan ba ya cikin shafinka. Manhaja ce daban mai zaman kanta, da ƙwaƙwalwarta daban, da hanyarta daban ta shiga rumbun bayanai, wani lokaci ma a kan wata kwamfuta take. Abin da shafin ke riƙe da shi a hannu, shi ma'aikaci bai san da zamansa ba sai abin da aka rubuta masa a saƙo da abin da ya tarar a rumbu. Kusan duk wahalar da na sha daga rashin riƙe wannan a zuciya ta taso.

Da farko na ɗauki rikodin ɗalibi sukutum na miƙa wa aikin. Celery ya ƙi karɓa, ya ce ba zai iya mayar da shi JSON ba, wato tsarin rubutun da yake tura saƙo da shi. Tun siga ta 4.0, a 2016, JSON ne tsarin saƙonsa na asali a maimakon pickle, tsohon tsarin da shi zai naɗe abin duka ya tura ba tare da musu ba. Raina ya ɗan sosu a lokacin, amma yanzu ina ganin wannan ƙin yana cikin mafi alherin abin da manhajar ta yi mini. Ka duba: wata ɗaliba ta yi rajista, ta lura harafi ɗaya ya faɗi a sunanta, ta koma ta gyara, alhali saƙonta na nan a layi bai kai ga ma'aikaci ba. In da tsohon kwafin aka tura, takardarta da kuskuren za ta fito. Mafi muni, in aikin ya adana wannan kwafin bayan ya gama, zai danne gyaran da ta yi da hannunta. Don haka lambar rikodi kawai nake turawa, ma'aikaci ya je rumbu ya ɗebo sabon bayani da kansa. In zai yi rubutu kuma, sai in sa update_fields ya taɓa gurbin da ya shafe shi kaɗai.

To, tura lambar ma da tata matsalar, kuma ita ce ta fi cin lokacina. Jefi-jefi sai in ga DoesNotExist a kundin ma'aikaci, wato ya nemi rikodi lamba kaza bai samu ba. In buɗe rumbu in duba, ga rikodin nan zaune lafiya lau. Ɗalibin kuma bai samu takardarsa ba. A kwamfutata na gwada har na gaji, ko sau ɗaya abin bai faru ba. Kwana uku ina zargin Redis, wanda bai ci ba bai sha ba.

Dalilin shi ne na kunna ATOMIC_REQUESTS, saitin da ke sa Django ya dunƙule duk rubutun da buƙata ɗaya ta yi, ko duka su shiga ko babu wanda zai shiga. Kafin a buga wa wannan dunƙulen hatimi a ƙarshen buƙatar, babu wani na waje da zai ga sabon rikodin. Ni kuwa a tsakiyar buƙatar nake kiran delay, umarnin tura aiki ga dillali, saƙo ya fice nan take. In ma'aikaci na zaune ba aikin komai, sai ya cafke saƙon ya riga malam masallaci, ya iske rumbu bai san da wannan lamba ba tukuna. In kuwa yana da aiki a hannu, kafin ya waiwayo an riga an buga hatimi, komai ya tafi daidai. Shi ya sa abin ke zuwa yana tafiya. A kwamfutata kuma na kunna task_always_eager, wanda ke gudanar da aikin nan take a cikin shafin ba tare da dillali ba, don haka tseren ma ba ya tasowa. Ina ba kowa shawara kada ya dogara da wannan saitin kaɗai wajen gwaji, domin yana rufe ainihin abin da ya kamata a gani.

Maganin layi ɗaya ne. Tun siga ta 1.9, a 2015, Django na da transaction.on_commit, wanda ke riƙe umarni har sai rubutun ya tabbata. Ka sa kiran aikin a cikinsa, saƙo ba zai fita ba sai rikodi ya zauna. Akwai ƙarin riba: in rajistar ta wargaje a hanya aka soke rubutun, saƙon ma ba zai tafi ba, ba za a taya wani murnar rajistar da ba ta yiwu ba. A siga ta 5.4, a 2024, Celery ya kawo delay_on_commit da ke yin wannan kai tsaye, sai dai ba ya dawo maka da lambar aikin, tunda a lokacin ba a tura shi ba tukuna. Na ji daɗin zuwansa, amma a ganina ya makara ƙwarai. An yi bayanin tseren a takardun manhajar, gaskiya ne, sai dai delay shi ne abin da sabon shiga ke fara koya, kuma yana aiki sumul har ranar da mutanen gaske suka hau shafin.

Abu na gaba da ya kamata mai Redis ya sani shi ne aiki na iya gudana fiye da sau ɗaya. Na tsara imel ɗin tunatarwa da zai fita kwana ɗaya bayan rajista, ta hanyar countdown, wanda ke jinkirta aiki zuwa lokacin da ka ƙayyade. Wasu ɗalibai suka samu tunatarwar a maimaice. A tsarin Redis, saƙon da ma'aikaci ya ɗauka bai sanar da karɓarsa ba cikin awa 1, ana ɗauka ya ɓata ne a sake miƙa shi, kuma saƙon da aka ce ya jira gobe a haka yake zaune. Wannan ma a rubuce yake, ni ne ban kai wurin ba. Yanzu lokacin tunatarwa a rumbu nake ajiye shi, celery beat, ɓangaren da ke tayar da ayyukan lokaci-lokaci, ya riƙa leƙawa duk bayan 'yan mintuna. Kafin tura imel kuma aikin kan kulle rikodin da select_for_update, ya duba ko an riga an sa alamar an tura. Tun daga nan ban sake rubuta aikin bayan fage ba tare da na tambayi kaina me zai faru in ya gudana sau biyu ba.

Batun mahaɗar rumbu, wato hanyar da ma'aikaci ke buɗewa zuwa rumbun, a Django Celery na kula da ita da kansa, yana tsabtace ta kafin kowane aiki da bayansa. Lissafi dai ya rage naka. A saitin asali ma'aikaci na rabuwa ne gwargwadon yawan cibiyoyin furosesar kwamfutar, kowane reshe da mahaɗarsa, PostgreSQL kuwa mahaɗa 100 yake bari in ba ka ƙara ba, kuma shafin kansa na cin nasa kason.

A Flask, wata manhajar gina shafi irin Django, labarin ya ɗan bambanta. Na taɓa sa shi a wani ƙaramin aiki mai Flask-SQLAlchemy da MySQL, kuma a can babu wannan gatan. Da aikin ya taɓa rumbu sai ya faɗi, domin yana wajen mahallin manhajar. Sai ka naɗe kowane aiki cikin app_context da hannunka, kamar yadda takardun Flask suka nuna. Sannan MySQL na yanke mahaɗar da ta yi awa 8 ba motsi, don haka aikin farko na safiya kan iske ƙofa a rufe in ba ka kunna pool_pre_ping ba, saitin da ke gwada mahaɗa kafin a yi amfani da ita. Ba wuya ba ne, amma dole ka san da su.

Ƙorafina da suka rage ƙanana ne. Ma'aikaci ba ya ganin sabon kod sai ka kashe shi ka tayar, kuma in ka canza fasalin tebur ka manta da shi, zai ci gaba da magana da rumbu da tsohon samfuri. Tun siga ta 4 babu tallafin Windows a hukumance. Saituttukansa suna da yawan da ke rikita sabon shiga. Aiki in ya faɗi kuma shiru kake ji, babu ɗalibin da zai ga shafin kuskure ya kawo ƙara, sai ka sa Flower, manhajar lura da ayyukan Celery, ko wata hanyar sa ido.

Wanda buƙatarsa ba ta wuce tura imel ɗaya ko biyu ba, RQ, wata ƙaramar manhaja mai aiki irin na Celery, ya ishe shi, ya fi sauƙin kamawa, kodayake dokar tura lamba da jiran hatimi tana kansa shi ma. Mai ayyuka iri-iri, da na lokaci-lokaci, da masu buƙatar a sake gwadawa in sun faɗi, Celery nake nuna masa ba tare da ɗar ba. Shafina a kansa yake har yau. Aikin da ke gabana a makon nan shi ne raba layin gida biyu, takardun PDF masu nauyi da nasu ma'aikacin, imel da nasa, domin a saitin asali kowane reshe na iya ɗebo saƙo 4 ya ajiye a gabansa, kuma na ga imel ɗin sake kalmar sirri ya maƙale bayan takardu uku, mai shi na zaune yana jira.