Mako guda a siririn jirgin ruwa: abin da ya same mu a Tardebigge

Mako guda muka ɗauki hayar jirgin a hutun watan Agusta, ni da mai ɗakina da yaranmu uku. Irin dogayen jiragen nan ne na Ingila da faɗinsu bai cika ƙafa 7 ba, amma ciki da gadaje da madafa da banɗaki. Hanyar ruwan da aka haƙa tsakanin Birmingham da Worcester muka bi, wadda aka buɗe tun 1815. Kuɗin haya lokacin hutun makaranta kun san yadda yake, ban yi ƙorafi a kansa ba.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne yadda aka miƙa mana jirgin. Yaron kamfanin bai yi minti 20 tare da mu ba. Ya nuna mini sandar tuƙi, in ka tura ta hagu jirgi ya yi dama, ya ce kada in wuce gudun mil 4 a awa, ya danƙa mini ƙarfen murɗa mafitar ruwa, ya kama gabansa. Ko sau ɗaya bai ambaci dakalin da ke cikin lok ba.

Lok wani ɗaki ne na ruwa mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a saki ruwan, jirgin ya sauka mataki na gaba. A Tardebigge, wani ƙauye da ke kan hanyar, guda 30 ne a jere cikin tazarar da ta ɗan haura mil 2, gangaren kuwa ya kai ƙafa 220. Shida muka wuce lami lafiya. A na bakwai babban ɗana ya saki ruwa, jirgin kuma ya ja baya ya jingina da ƙofar sama. Ashe a gindin ƙofar akwai dakali a ɓoye cikin ruwa. Ruwa na raguwa, bayan jirgin ya hau dakalin ya maƙale, goshinsa kuma sai yin ƙasa yake. Kwanuka suka fara zubowa daga kanta. Mai ɗakina tana cikin jirgin tare da autarmu, sai salatinta na ji, tana cewa, "Maigida, nutsewa muke yi!" Wallahi jikina ya yi sanyi, na rasa abin kamawa.

Wani dattijo cikin 'yan sa-kai na Canal & River Trust, ƙungiyar da ke kula da hanyoyin ruwan, ne Allah ya jefo mana. Da gudu ya zo ya rufe mafitar ƙasa, sannan ya riƙa shigo da ruwa daga sama kaɗan-kaɗan har jirgin ya daidaita. Ya nuna mini farin layin da aka shafa a bakin lok, alamar inda dakalin ya ƙare. Ya raka mu lok biyar yana koya wa yarana aikin. Na ce, "Baba, karɓi wannan ka sha shayi," ya ƙi karɓar ko sisi.

Da yamma muka ɗaure jirgin kusa da wata gona, muka yi sallar magariba a bakin ruwa, ba ƙarar mota, sai agwagi da zalɓe. A daren nan na yafe komai, har na ce tauraro biyar zan ba kamfanin hayar idan na zo rubuta ra'ayina.

Sai ranar mayar da jirgi. Suka duba ƙasansa, suka ce ƙarfen da ke riƙe da abin juya jirgi ya lanƙwashe, suka zaftare mana kuɗin ajiya. Na tambayi manajan wane ne ya taɓa gaya mini zancen dakali, ya ce yana cikin littafin da ke aljihun tebur. Littafin da ba wanda ya nuna mana! Ga famfon wanka da ya mutu tun kwana na uku, da buta muka ƙarasa makon, na kira su sau biyu ba wanda ya zo.

Tauraro biyu na ba su. Yara sun matsa sai mun koma baɗi, kuma za mu koma in Allah ya yarda, amma a wajen wani kamfanin.