Wane laburaren (tarin shiryayyen kod) ɓoye bayanai za ka ɗora wa manhajarka?

Wani ƙanena da ke koyon haɗa manhaja a nan Gombe ya tambaye ni wanda zai ɗauka. Ko numfashi ban ja ba na ce libsodium.

Frank Denis ne ya fitar da shi a 2013, daga aikin NaCl na su Daniel Bernstein. Daɗinsa shi ne ba ya jibge maka zaɓi har ka ɗauko wanda zai cuce ka. Rufe bayani kake so, ga crypto_secretbox. Kalmar sirri ce, ga crypto_pwhash mai aiki da Argon2. Sa hannu kuwa Ed25519. Tun PHP 7.2 yana cikin harshen, masu Python kuma suna da PyNaCl. Abin da ka rubuta bana, baɗi ka buɗe ka gane shi. TLS, wato kare bayanan da ke tafiya a intanet, shi ne dai ba ya yi, wannan kuwa aikin saba ne.

Wani laburaren kuma, OpenSSL, dattijo ne, tun 1998 yake ɗauke da kaya, amma kiransa kai tsaye sai mai haƙuri. Da 3.0 ta fito a 2021, an kai tsofaffin hanyoyi irin Blowfish wani sashe da ba ya kunnuwa da kansa. Ni kuma Blowfish na sa wa manhajar wasu 'yan kasuwar hatsi. Na sabunta saba, bayanan bashi suka ƙi buɗewa. Laifina ne, ban karanta sanarwa ba, amma kwana biyu na yi ina ƙona man janareta, Alhaji na kira. Tun ranar ma'aunina ɗaya: zan iya gyara shi da ƙarfe biyun dare?

BoringSSL, wani reshen OpenSSL, Google da bakinsu sun ce don kansu suka yi. LibreSSL, shi ma reshen OpenSSL ne, ya fi zama daidai a gidansu, tsarin aikin kwamfuta na OpenBSD. PyCrypto na masu Python mushe ne, rabonsa da sabon fitowa tun 2013.

Sai jabu, inda na fi jin tsoro. A PyPI da npm, rumbunan da ake sauko da laburare, akwai masu ajiye guba da suna mai kama da na gaske, harafi ɗaya suke canzawa su jira yatsanka ya zame. Kwafo sunan daga shafin masu aikin, kada ka rubuta da ka. Libsodium na zuwa da sa hannun minisign mai tabbatar da cewa na asali ne, ka duba shi. A 2024 har xz, manhajar matse fayil, aka dasa wa ƙofar baya ta kutse, kuma wanda ya dasa sai da ya yi shekaru yana taya aiki kamar mutumin kirki. Balle wanda zai turo maka zip a WhatsApp wai shi ya ƙirƙiro tasa hanyar ɓoyewa "irin ta sojoji". Na ce wa ƙanen nan nawa ko kyauta ce kada ya buɗe.