Wata goma sha ɗaya a kwas ɗin medikal asistan a Houston

Ranar da na tura wa Umma hotona sanye da shuɗin yunifom, ga abin sauraren ƙirji rataye a wuya, ko awa biyu ba a yi ba sai ga kiranta daga Kaduna. "Ke 'yar nan, ashe likita kika zama shi ne ba ki faɗa ba?" Na ce Umma ba likita ba ce. "To nas?" Na ce ita ma a'a. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To Allah Ya yi albarka, amma dai allura kina yi ko?" Na ce ina yi. Ta ce shi ke nan, ita ta gane.

Ba ta gane ba, kuma ban ga laifinta ba, don ni ma sai da na biya kuɗin rajista sannan na san takamaiman abin da na shiga. Medikal asistan a Amurka ita ce wadda za ta leƙo ɗakin jira ta kira sunanka, ta ɗora ka a sikeli, ta auna jininka da zafin jikinka, ta tambaye ka abin da ya kawo ka da magungunan da kake sha, ta shigar a kwamfuta kafin likita ya shigo. In likita ya ce a ɗebi jini ko a yi allurar rigakafi, ita ce. In waya ta yi ƙara ko kamfanin inshora ya tsaya jan magana, sau da yawa ita ce dai. Abin da ba ta da hurumi a kai shi ne ta ce ga ciwon da ke damunka, ko ta rubuta magani. Wanda ya saba da ma'aikatan lafiya na CHEW a gida, da za ka tarar su kaɗai ke riƙe da asibitin ƙauye suna duba mara lafiya suna ba da magani, kada ya ɗauka abu ɗaya ne. Nasu hurumin ya fi namu faɗi nesa ba kusa ba.

Na yi kwas ɗin a wata kwalejin al'umma a yankin Houston, irin makarantun nan na gwamnati masu karatun shekara biyu. Na fara a watan Agustan 2022, na gama a Yulin 2023. Hukuncina a kai shi ne: ya cancanci kuɗin da na biya, amma da a makarantar kuɗi na yi shi da na yi kuka.

Kaɗan ya rage in faɗa can ɗin. Sau ɗaya na cike wani fom a intanet, washegari wayata ta ƙi hutawa. Wata mata mai zaƙin baki ta gayyace ni, ta zaga da ni ɗakunan karatu masu ƙyalli, ta ce aji na farawa Litinin mai zuwa kuma kujera biyu ta rage. Kuɗin da ta ambata ya ninka na kwalejin gwamnati fiye da sau uku, amma wai kada in damu, akwai bashi. Baban yara ne ya taka min burki. Ya ce, "Duk cinikin da aka ce sai yau-yau, akwai lauje cikin naɗi. Ki bari mu kwana a kai." Da muka bincika sai muka ga tarihin irin waɗannan makarantu. A 2015 kamfanin Corinthian, mai makarantun Everest da suka yi suna wajen wannan kwas ɗin, ya rufe sauran rassansa dare ɗaya, ɗalibai kusan 16,000 suka wayi gari ba makaranta. Sai a 2022 gwamnati ta yafe bashin dala biliyan 5.8 da ke kan tsofaffin ɗalibansa. Ba duk makarantar kuɗi ce haka ba, amma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ai ya san abin yi.

Tambayar da ya kamata mutum ya fara yi, kafin ta kuɗi ma, ita ce wace hukuma ce ta tantance kwas ɗin. Sunaye biyu ake nema, CAAHEP ko ABHES, kuma kowacce tana da jerin makarantunta a shafinta, ba sai ka dogara da bakin mai talla ba. Wanda ya gama a kwas ɗin da ɗayansu ta amince da shi kai tsaye yake zama jarrabawar CMA, ta samun shaidar ƙwarewar medikal asistan. Tamu CAAHEP ce ta tantance ta. Kuɗin makaranta kuwa tallafin Pell na gwamnatin tarayya ya ɗauke min mafi yawansa bayan na cike fom ɗin neman tallafin karatu da ake kira FAFSA, kuma ba bashi ba ne, ba a biya. Mai katin zama na dindindin yana iya nema. Sai dai wanda ya riga ya yi digirin farko ba ya samu, ko da a gida ya yi shi. Ni difloma gare ni, ranar ce kaɗai na yi murna da ban ƙarasa jami'a ba.

Zangon farko haddar kalmomi ce zalla, tushen Girkanci da Latin da ake haɗa sunayen cututtuka da su. Wannan bai ba ni wuya ba, wadda ta yi allo ai hadda ba baƙuwarta ba ce. Awo ne ya wahalar da ni. Na taso na san zafin jiki 37 ne, nan kuma 98.6 ake cewa, zazzaɓi daga 100.4. Nauyi da fam ake faɗa, amma in za a lissafa maganin yaro sai an raba da 2.2 a mayar da shi kilo. Na yi wata guda ina wannan lissafi a kicin, ina auna kajin firiza.

Inda kwas ɗin ya ci kuɗinsa shi ne ɗakin furaktikal. Malamarmu wata dattijuwa ce da ta yi shekaru tana aikin kafin ta koma koyarwa, ba ta da wasa ko kaɗan. Mun yi sati biyu muna caka wa hannun roba allura, rannan ta shigo ta ce roba ba ta ihu, yau junanku za ku ɗiba. Aka haɗa ni da wata yarinya 'yar asalin Meziko wadda ba ta wuce ashirin ba. Na ɗaura mata robar a dantse, na laluba da yatsa har na ji jijiyar tana motsi kamar tsutsa a ƙarƙashin fata, na goge da auduga. Hannuna na rawa. Na soka, ba jini. Na ɗago na kalli malama, ta ce kada in sake in yi ta lalube da allura a cikin naman mutum, in ja baya kaɗan kawai. Na ja, sai ga shi ya tsinke cikin kwalba, ja wur. Saboda murna na zare allurar ban kwance robar ba, jini ya biyo hannun yarinyar har kan wandonta. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta sa na tsaya gaban aji na maimaita sau goma: roba, auduga, sannan allura. Har yau in na zo cire allura bakina na motsi.

Haka ta koya mana jerin kwalaben jini, don in ka sauya tsari sinadarin wata kwalba zai gurɓata ta gaba: na binciken ƙwayoyin cuta da farko, sai mai shuɗin murfi, sai ja, sai kore, sai mai ruwan hoda-hoda na lafanda, toka a ƙarshe. Ta koya mana awon bugun zuciya da na'urar ECG, wanda ake cewa mai layi 12 alhali maƙalai 10 ake mannawa. Nan ne na ɗan yi turus, saboda shida daga ciki a ƙirji ake sa su, kuma sai ka ƙirga haƙarƙari da yatsa ka nemo rami na huɗu. Mace 'yar gidan malamai ta taɓa ƙirjin namijin da ba muharraminta ba, abin ya tsaya min a rai kwana biyu. Na yi tambaya inda ya kamata, na sa safar hannu, na yi aikina. Hijabi kuwa ba wanda ya taɓa ɗaga min gira a kai. Ƙarami nake sawa in cusa shi cikin riga, da doguwar singileti a ƙarƙashin yunifom.

Yanzu ga inda suka gaza. Littattafai tsada kamar me, kuma ba damar sayen na hannu, domin kowanne yana zuwa da lambar shiga intanet da ake amfani da ita sau ɗaya, a can ake aikin gida. Manhajar da aka koya mana adana bayanan marasa lafiya da ita tsohuwa ce, ban sake ganin ta a ko'ina ba. Ranar farko a wurin aiki wata manhaja mai suna Epic aka buɗe min, na zauna ina kallon allo kamar baƙauyiya a tasha. Ofishin da aka ce yana shirya ɗalibai don neman aiki kuwa, awa ɗaya suka ba mu a duk shekarar, suka raba mana samfurin takardar neman aiki da kowa zai iya saukewa kyauta. Abin da ya fi ci min rai shi ne darasin sassan jiki. Na ɗauka in na tashi karatun nas za a lissafa min shi. Sai bayan na gama aka ce wannan na 'yan kwas ɗinmu ne kawai, na nas daban yake, da zango biyu da ɗakin gwaji. Da an faɗa min tun farko da wancan na ɗauka.

Sai aikin koyo na ƙarshe, awa 160 a ƙaramin asibiti, kuma a namu kwas ɗin ba a biya ɗalibi ko sisi ba. Makaranta ce ke nemo wurin. Nawa ya zo a makare, kuma tafiyar minti hamsin ce a mota, a garin da in ba ka da mota ka zama gurgu. Wata guda ina barin yara wurin wata Anti 'yar Gana a unguwarmu, ina biyanta, ni ba a biyana. Na yi ƙorafi har na gaji. Amma in gaskiya za a bi, wannan watan ya fi sauran goman amfani. A nan na koyi yadda ake auna jinin tsohon da ya ƙi daina magana, da yadda ake riƙe cinyar jariri a yi masa allura uku kafin ya gama jan numfashin kukan farko. A nan na tsinci 'yan kalmomin Sifaniyanci, don a Houston mai jin harshen nan yana gaban kowa a layin ɗaukar aiki. Hausata kuwa sau ɗaya tak ta yi rana.

Wata Hajiya ce da muke haɗuwa a masallaci ranar Juma'a. Na leƙa na kira suna, sai na ga ta miƙe. Muka haɗa ido, ta ce, "La ilaha illallahu, ke ce a nan?" Na ce ni ce Hajiya, in kin fi so in kira wata ta karɓe ki. Ta ce a'a, gara ke, ko ba komai zan faɗi ciwona da bakina. Ta faɗa kuwa, abin da ta yi shekara tana kasa faɗa ta bakin ɗanta da ke mata tafinta. Akwai dokar sirrin mara lafiya da ake kira HIPAA, ta 1996, wadda aka yi ta nanata mana a aji har muka gaji. Ban san nauyinta ba sai ranar Juma'ar da ta biyo. Ga Hajiya cikin mata, ga ni, al'ada ta ce in durƙusa in ce ya jiki. In na faɗa, kafin a idar da sallah mata goma sun tambayi me ya same ta. Na gaishe ta da gajiya da yara, na wuce. Ko Baban yara bai san ta zo ba. Daga baya ta riƙo hannuna a bakin ƙofa ta matse, ba ta ce komai ba.

Jarrabawar CMA tambaya 200 ce a kwamfuta, kashi huɗu, kowane kashi minti 40. Na ci a zama ɗaya, amma da littafin bita da na saya da kuɗina, ba da bitar makaranta ba. Ana sabunta shaidar duk bayan wata 60. Texas ba ta wajabta lasisi ga wannan aiki ba, sai dai yawancin tallan aikin da na gani shaidar suke fara tambaya. Akwai wasu shaidun, RMA da CCMA, su ma ana karɓa a wurare da yawa.

Aiki kuwa ban neme shi ba. Manajar asibitin da na yi aikin koyo ce ta kira ni sati biyu bayan na gama, wata ta tafi haihuwa. Albashin ba na a-zo-a-gani ba ne. Alƙaluman ma'aikatar ƙwadago na 2023 sun nuna matsakaicin abin da medikal asistan ke samu dala 42,000 ne a shekara, na cikakkiyar nas kuma ya haura 86,000. Sabon shiga bai kai wannan matsakaicin ba. In ka juya shi zuwa naira sai ka ji kamar ka haye, in ka cire haya da inshora da kuɗin rainon yara sai jikinka ya yi sanyi. Abin da ya riƙe ni shi ne lokacin: takwas zuwa biyar, ba kwanan asibiti, Asabar da Lahadi ina gida. Tsayuwa ce dai wuni guda, takalmi mai kyau ya fi min abin sauraren ƙirjin muhimmanci.

Ƙanwar Baban yara ta iso bara, ta ce ita ma shi za ta yi. Na zaunar da ita na tambaye ta ko nas take son zama a ƙarshe. Ta ce e. Na ce to ba ki da yara, ba ki biyan haya, ki tafi kai tsaye ki fara darussan share fagen nas, kada ki biyo ta nan. Ni kaina yanzu Talata da Alhamis da daddare ina aji, ina maimaita darasin sassan jikin nan, wannan karon wanda ake lissafawa. Umma ta ji na koma makaranta, ta ce wato yanzu babbar likita za a zama. Na ce ta dai ci gaba da addu'a.