UpdraftPlus a shafin ƙungiyarmu ta manoman riɗi da zoɓo

Ni ke kula da shafin intanet na ƙungiyarmu a nan yankin Gumel. Ƙaramin shafi ne da aka gina a kan WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet, amma a ciki muke sa farashin buhu na kowace Alhamis daga kasuwar Maigatari, da hotunan kaya, da bayanan da dillalan Dawanau ke dubawa kafin su kira mu. In wannan ya salwanta, aikin shekaru ne ya tafi.

Kamfanin da ke riƙe mana shafin yana ajiye kwafi, amma a wajensa. Hankalina bai kwanta da haka ba, domin a watan Maris na 2021 gobara ta ci wata cibiyar kwamfutocin kamfanin riƙe shafuka na OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma waɗanda kwafinsu ke wuri ɗaya da shafin sun rasa duka biyun. Shi ya sa na sa UpdraftPlus, wata ƙaramar manhaja da ake ƙarawa a WordPress don ajiye kwafin shafi. Ta kyauta na ɗauka, na haɗa ta da Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta cin datata. Kwafin yana tashi ne daga kwamfutar kamfanin kai tsaye zuwa Drive, ba ya bi ta wayata. Wanda ke ƙauye, inda sai ka fita bakin titi kake samun sabis mai ƙarfi, ya san darajar wannan. Tana kuma raba ajiyar kashi-kashi: rumbun bayanai daban, hotuna daban, ƙananan manhajoji daban, fasalin shafi daban. Na saita rumbun bayanai kullum, tunda nan rubutu da farashi suke, sauran kuma mako-mako.

Ranar da ta yi mini rana, wata ƙaramar manhaja ce ta sabunta kanta, shafin ya koma fari fat. Shugabanmu ya kira ni ana gab da la'asar: "Malam, wani dillali ya ce bai ga komai ba." Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa magariba." Allah ya taimaka ɓangaren gudanarwa yana buɗewa. Ina zaune a benci a shagon cajin waya na zaɓi kwafin makon jiya, na maido da kashin manhajojin kaɗai, ban taɓa hotuna ba. Kafin a kira salla farashi ya dawo.

Sai dai a lura, agogon WordPress da ke tayar da ajiyar yana motsawa ne idan wani ya shiga shafin, don haka da damina, lokacin da masu leƙowa suka yi ƙaranci, ajiya kan makara. Nakan shiga da kaina in duba kwanan watan kwafin ƙarshe. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta kuma tare ake ci da Gmail da hotuna, sai a taƙaita yawan kwafin da za ta riƙe. Ajiye abin da ya canza kawai yana cikin ta kuɗi, mu dai ba mu buƙace shi ba tukuna.

Ina ba duk mai ƙaramin shafin ƙungiya ko makarantar Islamiyya shawarar ya sa ta. Asusun Google ɗin ya zama na ƙungiya, ba na mutum ɗaya ba; namu ni da ma'aji ne ke da kalmar sirrinsa.